Teburin sabar imel ya sake lalacewa bayan na gyara shi, ina matsalar take?

“Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani ƙaramin ofishi a Utako, nan Abuja. Muna da sabar imel tamu ta cikin gida, Postfix da Dovecot da Roundcube a kan Ubuntu, sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu kuma suna cikin MariaDB. Mako biyu da suka wuce aka ɗauke wuta da dare, UPS, wato na'urar batirin da ke riƙe sabar idan wuta ta yanke, bai riƙe ba, da gari ya waye kowa ya kasa shiga akwatinsa. Da na duba sai na ga an rubuta: Table './mail/mailbox' is marked as crashed and should be repaired. Na ba da umarnin REPAIR TABLE, komai ya dawo daidai. To jiya abin ya sake dawowa, alhali ba a ɗauke wuta ba. Oga sai kira yake yi, yana tambaya ko saƙonnin shekara da shekaru sun tafi ke nan. Wani abokina ya ce in goge komai in sake girka sabar. Me zan yi?”

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kawo sauƙi. Na san irin wannan safiyar, waya tana ta ƙara, mutane suna leƙowa ofishinka ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ko karyawa ba ka yi ba. Tambayoyinka uku ne a dunƙule: saƙonnin suna nan ko sun salwanta, ta yaya za a gyara teburin, kuma me ya sa ya sake lalacewa bayan an gyara. Ta ukun ce ta fi damuna, a kanta zan fi daɗewa. Amma tun da wuri, shawarar abokinka ka ajiye ta gefe. Idan ka goge sabar yau, da hannunka za ka hallaka abin da ɗaukewar wuta ba ta taɓa ba.

Abin da ya lalace da abin da bai lalace ba

A tsari irin naka, saƙonnin mutane ba sa zama a cikin MariaDB, wato manhajar rumbun bayanai da ke jera bayanai a tebura. Dovecot, manhajar da ke buɗe wa mutane akwatinsu, yana ajiye su a kan faifai, galibi a tsarin Maildir, inda kowane saƙo fayil ne mai zaman kansa a cikin folda mai suna cur ko new, a ƙarƙashin wuri irin /var/vmail. Abin da ke cikin rumbun bayanan rajista ce kawai: wane ne ke da akwati, mece ce kalmar sirrinsa a rufe, ina foldarsa take, wane adireshi ne ake tura wa wane. Kamar mai gadin gidan haya ne ya ɓatar da littafin sunayen 'yan haya. Ɗakunan suna nan da kayansu a ciki, shi dai ya rasa wanda zai buɗe wa ƙofa. Ka shiga foldar oganka ka ƙirga fayilolin da ke cikin cur, ka nuna masa adadin. Wannan kaɗai zai sa ya bar ka ka yi aiki.

Saƙonnin da ake aiko muku tun jiya ma ba su ɓace ba. Idan Postfix, manhajar da ke karɓa da aika saƙonni, ya kasa karanta tebur, amsar da yake ba sabar mai aikowa ita ce lamba 451, Temporary lookup failure, ma'ana a ɗan dakata a sake gwadawa. Ƙa'idar aika imel ta RFC 5321 ta nemi mai aikowa ya ci gaba da gwadawa har kwana 4 zuwa 5 kafin ya haƙura, shi kansa Postfix kwana 5 yake riƙe saƙo a layi in ba a sauya masa ba. Ke nan kana da lokaci. Ba sai ka yi aikin cikin firgici ba.

Rubutun da ka gani ya gaya mana wani abu kuma. Wannan lafazi na cewa an yi wa tebur alamar ya fāɗi, na injin MyISAM ne, ko ɗan'uwansa Aria na MariaDB; inji a nan shi ne sashen rumbun bayanai da ke rubuta tebur a kan faifai. MyISAM yana raba tebur gida uku: fayil ɗin .frm mai ɗauke da fasalin teburin, .MYD mai ɗauke da bayanan kansu, da .MYI wanda shi ne fihirisa. A saman fayil ɗin fihirisar akwai wata 'yar ƙididdiga da ake ɗagawa idan aka fara rubutu a teburin, a sauke ta idan aka rufe shi lafiya. In wuta ta yanke a tsakani, ƙididdigar ta tsaya a ɗage, wani lokaci kuma an rubuta layi a .MYD ba a kai ga sanar da .MYI ba. MyISAM ba shi da littafin da yake fara rubuta niyyarsa kafin ya aikata, don haka idan ya farfaɗo ba shi da abin da zai duba ya san inda ya tsaya. Dalili ke nan da ya sa tun MySQL 5.5, a shekarar 2010, aka mayar da InnoDB, wanda yake da irin wannan littafin, injin da ake farawa da shi. Amma tsofaffin jagororin girka sabar imel da ke yawo a intanet har yau suna ƙirƙirar tebura da MyISAM, mutane kuma suna kwafa yadda suka gani.

Kafin ka taɓa komai

Abu na farko, ka tsayar da Postfix da Dovecot, ko aƙalla ka sa soft_bounce = yes a cikin main.cf, fayil ɗin saitin Postfix, ka sake loda shi. Zan gaya maka dalili da abin da ya faru da ni, don darasi ne da na biya da tsada. Shekarun baya ina kula da sabar wata ƙungiya a Garki, teburin akwatuna ya lalace, na gyara shi Postfix yana kunne. Gyaran ya zubar da wasu layuka da ya kasa karantawa, ban lura ba. Kafin gyara, Postfix yana cewa a dakata a sake gwadawa. Bayan gyara, tebur ya buɗu lafiya, sai dai babu waɗancan mutane a ciki, don haka ya koma amsa 550, User unknown, wato babu mai wannan suna a nan. Ita kuwa 550 hukunci ne na ƙarshe, mai aikowa ba ya sake gwadawa. Duk saƙonnin da suka kwana suna jira a waje suka iso cikin awa guda aka mayar da su. A ciki har da takardar da wata baiwar Allah a sashen kuɗi ta yi mako tana jira. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Injiniya, sun ce adireshina ba ya aiki.” Har yau ina jin nauyin maganar. Shi soft_bounce aikinsa ya mayar da duk wata amsa ta ƙarshe ta zama ta wucin gadi, har ka tabbatar kowa ya dawo cikin rajista.

Abu na biyu, ka tsayar da MariaDB ka kwafe foldar /var/lib/mysql gaba ɗayanta zuwa wani faifai na daban, da cp -a ko rsync -a don mallakar fayilolin ta zauna yadda take. Na san za ka ce me za a yi da kwafin abin da ya lalace. Ai gyara yana sake rubuta fayil ne, abin da ya kasa ganewa ya watsar. In babu kwafi kuma gyaran ya zama na gangar Auzinawa, ba ka da wurin komawa. Foldar irin taka da wuya ta yi wani girma, 'yan mintoci ne. Kada ka ajiye kwafin a kan faifan da ake zargi.

Ruwa ba ya tsami banza

Lalacewar farko tana da dalili a fili. Ta biyun ce ke buƙatar bincike, kuma ga abin da ya sa ta tsaya mini a rai: teburin mailbox ba wurin da ake yawan rubutu ba ne. Karanta shi ake yi duk lokacin da wani ya shiga ko saƙo ya iso, rubutu kuwa sai an ƙara ma'aikaci ko an sauya kalmar sirri, sai fa in an saita Dovecot yana rubuta lokacin shigar kowa a can. Tebur mai zaman lafiya irin wannan ya lalace sau biyu cikin mako biyu, akwai abin da ke cin sa ta ƙasa.

Ka fara da tabbatar da maganar cewa ba a ɗauke wuta ba. Ka ba da umarnin last -x, ko journalctl --list-boots. Idan ka ga sabar ta tashi ba tare da an rubuta cewa an kashe ta kafin nan ba, to ta mutu ta farfaɗo ba wanda ya sani. A Abuja na ga wannan ya fi a ƙirga. Ana sauyawa daga wutar gari zuwa janareto, daƙiƙa kaɗan ne, fitilu su yi ƙifta su dawo, ma'aikata ba su ɗauke shi ɗaukewar wuta ba. Amma UPS ɗin da batirinsa ya mutu ko wannan ƙiftawar ba ya iya riƙewa. Kai da kanka ka ce bai riƙe ba mako biyu da suka wuce, kuma ba ka ce an sauya batirin ba. Batiran gubar da ke cikin waɗannan na'urori an auna rayuwarsu ne a kan zafi kusan digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage rayuwar da rabi. Ka tuna yadda ɗakin saba yake a watan Maris idan an kashe na'urar sanyaya ɗaki an tafi hutun ƙarshen mako.

In sabar ba ta mutu ba, ka duba ko MariaDB ce aka kashe ita kaɗai. Linux idan RAM, wato ma'adanar da kwamfuta ke aiki da ita a lokacin da take kunne, ta ƙare masa yakan zaɓi manhaja mai cin wuri ya kashe ta nan take, kuma sau da yawa rumbun bayanai ne ke shan wannan duka, musamman a sabar da ClamAV da SpamAssassin, masu tace cutar kwamfuta da saƙonnin banza, suke zaune tare da ita suna cinye wuri. A cikin dmesg ko journalctl -k za ka ga Out of memory da sunan abin da aka kashe. A wurin MyISAM, kisan nan da ɗaukewar wuta duk ɗaya ne.

Sai cikar faifai. df -h zai nuna maka, amma ka haɗa da df -i, domin Maildir yana tara ƙananan fayiloli da yawan gaske, yakan cinye gurabun rajistar fayiloli alhali wuri yana nan. Idan ka ga lamba 28 a kundin rahoton MariaDB, ma'anarta wuri ya ƙare. Wannan mai sauƙi ne, ba zan tsaya a kansa ba, sai dai ka sani gyaran tebur ma yana buƙatar wuri kwatankwacin girman teburin.

Wanda na fi tsoro shi ne faifan kansa. Ka girka smartmontools, manhajar duba lafiyar faifai, ka ba da smartctl -a /dev/sda, ko duk sunan da faifanka yake da shi. Layi biyu za ka zuba wa ido: Reallocated_Sector_Ct mai lamba 5, wato gurabun da faifan ya riga ya yanke ƙauna da su ya kauce musu, da Current_Pending_Sector mai lamba 197, wato gurabun da ya kasa karantawa yana jiran ya ga yadda za ta kaya. Kada kalmar PASSED da ke saman rahoton ta ruɗe ka, faifai yana iya nuna ta yana kan hanyar mutuwa. Ka kuma nemi I/O error a cikin dmesg.

An taɓa kira na wata makaranta a Jos kan matsala irin taka sak. Matashin da ke kula da sabar, yaro mai ƙoƙari, har ya rubuta wani ɗan umarni da ke gyara teburin kowace asuba, saboda abin ya zama masa jiki. Ga Jos da sanyi, ga sola mai kyau, wuta ba ta yankewa, shi ya sa ya rasa inda zai sa zarginsa. Da muka buɗe akwatin sabar, ƙurar hunturu ta yi wa fankar kauri kamar auduga, faifan kuma in ka ɗora yatsa sai ka janye. Lamba 197 ba sifili ba ce, muka dawo bayan sallar la'asar muka tarar ta ƙaru. Gyaran da yake yi kullum kashe maciji ne ba a sare kansa ba, kowane gyara yana tafiya da layi ɗaya ko biyu. Ranar ba mu gyara komai a kan tsohon faifan ba. Muka kashe sabar, muka kwafe faifan zuwa sabo da ddrescue, wanda ke fara ɗebe wuraren da ke da lafiya kafin ya koma kan masu wuya, sannan muka yi gyara a kan sabon. In naka ya nuna haka, ka yi yadda muka yi. Faifai ba ya wuyar samu, ko a Banex da ke Wuse 2 za ka samu yau ɗin nan.

In duk waɗannan sun fito da tsabta, saura RAM mai kuskure, wadda memtest86+ zai tona idan ka bar shi ya kwana yana aiki, da kuma tsarin fayilolin da wataƙila ya ji rauni tun daren farko, wanda fsck zai duba idan an sauke faifan daga aiki.

Gyaran kansa

Bayan an kwafa, an kuma san faifan lafiya yake, ka tada MariaDB ita kaɗai. CHECK TABLE mailbox zai gaya maka abin da ya gani, REPAIR TABLE mailbox ya gyara. Ka karanta amsar da kyau. Idan ta ce Number of rows changed from, ta kawo lamba biyu, bambancin da ke tsakani mutane ne da suka fita daga rajista. Ka kwatanta abin da ya rage da sunayen foldojin da ke /var/vmail, ko da jerin ma'aikata na sashen gudanarwa. Duk wanda ke da folda amma ba shi a tebur, ka sake ƙirƙirar masa layi da adireshi da hanyar folda iri ɗaya, saƙonninsa za su bayyana. Kalmar sirri ce kawai sai ya zaɓi sabuwa. Sauran teburan ma ka bi su da mysqlcheck --all-databases, don da wuya a ce guda ɗaya ne ya ji ciwo, musamman teburin adiresoshin da ake turawa, wanda ba a gane ɓacewar layi a cikinsa sai an neme shi.

Idan REPAIR ya gaza, ka tsayar da MariaDB ka yi amfani da myisamchk -r a kan fayil ɗin .MYI, in ya ƙi ka koma myisamchk -o, wanda ya fi jinkiri amma ya fi bi a hankali. Na Aria kuwa aria_chk ne. Kada ka kuskura ka kunna ɗayansu MariaDB tana aiki, hannu biyu ne a kan fayil ɗaya, shi kansa sanadin lalacewa ne. Akwai kuma REPAIR TABLE tare da USE_FRM, wanda ke watsar da fihirisar ya gina sabuwa daga fasalin teburin. Wannan sai an rasa yadda za a yi.

Teburan Roundcube, shafin da ma'aikata ke buɗe imel ɗinsu ta intanet, ba darajarsu ɗaya ba. Na session da waɗanda sunansu ya fara da cache, in sun lalace kada ka ɓata lokaci, TRUNCATE TABLE ya share su, za su cika kansu, iyaka mutane su sake shiga. Na contacts da identities kuwa su ne adiresoshin da mutane suka tara da sa hannunsu, babu inda za a sake samo su, ka lallaɓa su. Idan bayan komai wani ya ce akwatinsa yana nuna saƙonni a hargitse, wannan fihirisar Dovecot ce, doveadm force-resync -u da adireshinsa da sunan foldar zai daidaita ta.

In ka tarar da InnoDB a ciki

SHOW TABLE STATUS zai nuna maka injin kowane tebur, kuma mai yiwuwa wasu InnoDB ne. Shi ɗaukewar wuta ba ta cika yi masa illa ba, don yana da littafin da yake komawa ya ƙarasa abin da ya fara. Shi ya sa in ka ga ya lalace, zargina kan faifai ko RAM yake ƙaruwa. Yana ajiye bayanai shafi-shafi, kowane shafi kilobayit 16 da lambar tantancewa, in ya karanta shafi lambar ba ta dace ba yakan gwammace ya tsayar da kansa da ya ci gaba da ɓarna. REPAIR TABLE ba ya aiki a kansa. Hanyar ita ce ka sa innodb_force_recovery = 1 a fayil ɗin saiti, ka tada, ka kwashe komai da mysqldump, ka gina sabon rumbu ka zuba, ka cire saitin. In 1 bai tashi ba ka gwada 2, sannan 3. Matakan sun kai 6, amma daga 4 zuwa sama suna iya lalata bayanai har abada, ni ba na hawa can sai da kwafi biyu a hannu. Kuma duk wanda ya ce ka goge ibdata1 ko ib_logfile0 don sabar ta tashi, kada ka saurare shi. A cikinsu ne abin da za a farfaɗo da rumbun yake.

Duk wannan bayani na tsari irin naka ne. Mai amfani da Zimbra, wani tsarin sabar imel na daban, lamarinsa ba haka yake ba, domin a can MariaDB ce ke riƙe da bayanin wane saƙo ne a wace folda, rasa ta babbar asara ce ko da fayilolin saƙonnin suna nan. Ni kuma daga nesa nake magana, a kan layi ɗaya na rahoto. Abin da smartctl da last suka nuna shi zai raba gardama, ba hasashena ba. Akwai kuma iyakar da babu umarnin da ke ƙetare ta: layin da faifai ya ci ya ciwu, gyara ba ya ƙirƙiro shi. Idan faifan ya fara ƙara ƙwas-ƙwas ko kwamfuta ta daina ganinsa, ka kashe shi ka kai wa masu ceto bayanai da kayan aikinsu, wannan ya wuce aikina da naka.

Idan ƙura ta lafa, ka mayar da teburan zuwa InnoDB da ALTER TABLE mailbox ENGINE=InnoDB, ɗaya bayan ɗaya. Ka sa mysqldump --single-transaction ya riƙa gudana kowane dare yana aika kwafi wata na'ura, foldar saƙonni ma haka da rsync, kuma wata rana ka zauna ka gwada mayar da kwafin a wata kwamfuta ka ga ya buɗu da idonka. Ka sauya batirin UPS, ka haɗa shi da sabar ta kebul ɗin USB, ka girka NUT ko apcupsd don sabar ta kashe kanta cikin natsuwa idan batir ya kusa ƙarewa. Kuɗin batirin ka rubuta wa oga yau, tun abin yana da zafi a ransa, don in aka kwana biyu imel yana tafiya za a ce a bari sai wata mai zuwa.

Kafin ka cire soft_bounce, ka aika wa kowane adireshi saƙon gwaji daga waje, ka ga ya shiga. Sannan ka cire, ka ba da postqueue -f don abin da ya taru a layinku ya fita. In ka samu sarari ka turo mini sakamakon smartctl da layuka hamsin na ƙarshe na kundin rahoton MariaDB daga daren shekaranjiya, bayan ka goge adiresoshin mutane daga ciki, in sha Allahu zan duba.